Yadda Ake Wanke Daɓen Gida Ba Tare Da An Kashe Shi Ba

Wanki ne ke kashe daɓen gidajen Kaduna da yawa. Tayil ya dushe bayan shekara biyu, tarazo ya yi kaushi kamar dutsen niƙa, ɗaki ya ɗauki wari saboda ledar da aka shimfiɗa, kafet ya ruɓe ta ƙasa. In aka bi diddigi sai a tarar masu gidan ba ƙazamai ba ne, kullum ana shara ana guga, sai dai ana yi da abin da bai dace da irin daɓen ba. Abu huɗu ke yin wannan ɓarna: yashi, yawan sabulu, yawan ruwa, da asid.

Yanayin garin ma yana da nasa hannu. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris iskar hunturu na kwaso ƙura daga hamada, a share falo da safe, kafin azahar a iya rubutu da yatsa a kan tebur. Daga Mayu zuwa Oktoba kuma jar laka ce ke bin takalmi daga duk layin da ba kwalta, danshi na tasowa ta ƙasa, musamman a gidajen da ke gangaren kogin Kaduna, irin wasu sassan Barnawa, Nasarawa da Unguwar Rimi. Aikin hunturu shi ne kwashe ƙura. Aikin damina shi ne tabbatar da cewa ƙasa ta bushe.

Shara kafin ruwa

Ƙwayar yashi ta fi mabul tauri nesa ba kusa ba, kuma tana iya kankare sheƙin tayil. Duk wanda ya taka ta da takalmi ko ya ja ta da mofa, tamkar ya goga wa daɓen takardar yashi ne. Saboda haka kada mofa ta taɓa ƙasa sai an share tas. A cikin ɗaki a yi amfani da tsintsiyar laushi ko buroshi mai laushi, a bar tsintsiyar kwakwa wa tsakar gida. A hunturu, busasshiyar shara tana tayar da ƙura ne kawai ta sake sauka, ga tari ga mura. Gara a jiƙa tsohon tawul a matse shi sosai, a naɗa a kan buroshi mai dogon hannu, a tura shi gaba ɗaya ba tare da ɗagawa ba. Ƙurar za ta manne masa.

A ajiye abin goge ƙafa guda biyu a ƙofar shiga, mai kaushi a waje, mai shan ruwa a ciki, a riƙa kakkaɓe su duk kwana biyu. Al'adar cire takalmi a bakin ƙofa kuwa ta fi kowane maganin wanki amfani, a riƙe ta.

Ga ma'aunin da za mu yi amfani da shi: bokitin fenti babba lita 20 ne, rabinsa lita 10. Gwangwanin madarar ruwa kusan mililita 150 ne. Babban cokali mililita 15, ƙaramin cokali 5.

Gugar yau da kullum ba ta buƙatar fiye da babban cokali 1 na sabulun ruwa na wanke-wanke a lita 10 na ruwa. Mutane da yawa na ganin ya yi kaɗan don ba su ga kumfa ta taso ba, amma kumfa ba ita ke wanki ba. Sabulun da ya yi yawa yana bushewa a ƙasa ya bar wani yauƙi wanda ido ba ya gani, ƙura ta zo ta zauna a kai, gobe a ga ƙasa ta yi duhu a ƙara sabulu. Haka ake yi har tayil ya koma kamar an shafa masa toka. Omo ya fi kowa wannan laifi, domin garinsa ba ya narkewa duka, shi ke barin farin zane-zane idan ƙasa ta bushe. Idan tayil ya riga ya yi wannan hazo, a goge shi da zallar ruwan ɗumi sau uku ko huɗu a jere ana canza ruwan, a bi da busasshen tawul. Sau da yawa sheƙin na nan, sabulu ne ya rufe shi.

Bokiti biyu ake ajiyewa, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ɗauraya. A tsoma mofa a na sabulu, a matse, a goge faɗin kamar tabarma biyu, a wanke ta a na ɗauraya, a matse, sannan a koma na sabulu. A fara daga ƙuryar ɗaki a ƙare a bakin ƙofa. Da zarar ruwan ɗauraya ya yi ja har ba a ganin gindin bokiti, a zubar. Mai saye a wurin 'yan garuwa zai ce wannan ɓarnar ruwa ce, amma lita 5 a kowane bokiti ya ishi falo da ɗaki, kuma ruwan ɗaurayar na iya yayyafa tsakar gida. Bayan an gama, a wanke mofar a shanya ta a rana kanta a sama. Mofar da ta kwana a cikin ruwa ita ke sa ɗaki ƙarni bayan guga.

Hypo, Izal da kananzir

Hypo da Jik maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ba sabulu ba ne, kuma datti na cinye ƙarfinsu. Sai an wanke wuri da sabulu an ɗauraye, sannan a sa su. A duba jikin roba, yawanci ƙarfinsu kashi 3.5 cikin 100 ne. Ga banɗaki da kicin, gwangwanin madara 2 a lita 10 na ruwan sanyi ya isa. A bar shi minti 10, a ɗauraye. In jini ne, ko amai, ko gudawa, a fara kwashe ƙazantar da safar hannu ta roba, sannan a haɗa Hypo ko Jik ma'auni 1 da ma'auni 6 na ruwa. A haɗa na ranar kawai, domin haɗin da ya kwana ya rasa ƙarfi. Falo da ɗakin kwana ba su buƙatarsa kullum, sai in akwai marar lafiya.

Wannan gargaɗin na ceton rai ne: kada a taɓa haɗa Hypo ko Jik da Harpic, ko asid, ko ruwan khal (wato binega), ko lemon tsami. Haɗin na fitar da iskar kulorin mai ƙona ido da huhu, kuma banɗaki wuri ne ƙarami mai ƙarancin iska. Kada kuma a kwarara su kai tsaye a kan fitsari, shi ma yana fitar da iska mai cutarwa, a fara kora shi da ruwa. Izal da Dettol ma kowa a yi amfani da shi shi kaɗai. In an yi kuskuren haɗawa, a fita nan take, a buɗe ƙofa da taga, wanda numfashinsa ya sarƙe a kai shi asibiti. Kuma don Allah kada a juye waɗannan magunguna a robar lemo ko ta ruwa, yara na ɗauka su sha.

Zuba kananzir a ruwan guga don ƙasa ta yi ƙyalli ko don korar tururuwa ya zama ruwan dare, kuma ba mu goyi bayansa ba. Ƙyallin nan maiƙo ne. Yana jawo ƙura, yana sa santsi ga tsofaffi da masu juna biyu, yana lausasa leda, yana shiga tarazo ya yi duhu, ga jariri mai rarrafe na shafa shi a hannu ya kai baki. A gidan da ake kunna garwashin turare kuwa haɗarin wuta ma ya isa dalili.

Tayil

Jikin tayil mai sheƙi ba ya shan komai, saboda haka shi ne mafi sauƙin sha'ani. Rauninsa na wurin layukan da ke tsakani, inda aka cike da farin siminti ko garin cike tayil. Su ke shan ruwan datti su yi baƙi. A kwaɓa bekin soda cokali 3 da ruwa cokali 1 (ana samunsa wurin masu kayan kek, kuma ba bekin fauda ake nufi ba), a shafa a layukan, a bari minti 10, a cuɗa da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye. In baƙin na fumfuna ne, kamar yadda ake gani a kusurwar banɗaki a watan Agusta, a shafa Hypo ma'auni 1 a ruwa ma'auni 10, a bari minti 10, a cuɗa. Fumfuna za ta dawo muddin wurin na kwana a jiƙe, don haka a riƙa janye ruwa zuwa magudana bayan wanka, a bar taga a buɗe.

Farar kanta da jan tabon da ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse ke bari a banɗaki, sabulu ba ya fitar da su. Nan ne abu mai tsami ke da amfani. A fara jiƙa ƙasa da zallar ruwa don layukan su ƙoshi, a haɗa ruwan khal da ruwa daidai wa daida, a zuba a kan tabon, a bari minti 5 zuwa 10, a goge da soso marar kaushi, a ɗauraye sosai. Zoben tsatsa da gindin tukunyar gas ke bari a kicin, lemon tsami da gishiri na fitar da shi daga tayil. Hypo ba ya cire tsatsa, ƙara kafe ta yake yi. A ɗora tukunyar a kan faranti na roba a huta.

Babbar ɓarnar tayil a ranar farko ake yin ta. An gama gini, siminti ya bushe a kan tayil, sai a sayo asid a kwarara a bi da buroshi. Simintin zai fita, amma asid ba ya bambance wanda ke sama da wanda ke cikin layi. Yana cinye layukan su zama rami, ruwa ya samu hanyar shiga ƙasa, tururinsa kuma ya sa tsatsa a ƙofofin ƙarfe da kan famfo. Tun ran gini ran zane: maigida ya sa mai tayil ya goge ragowar siminti da jiƙaƙƙen soso a ranar da ya cike layukan. In ya riga ya bushe, a jira kamar kwana 10 layukan su yi ƙarfi, a kankare manyan dunƙule da abin kankara na roba ko katako, a gwada ruwan khal ma'auni 1 a ruwa ma'auni 4. Sai in wannan ya gaza ake zuwa ga asid, shi ma ma'auni 1 a ruwa ma'auni 10, a zuba asid cikin ruwa ba ruwa cikin asid ba, da safar hannu da takalmin roba, tagogi a buɗe, ƙasa a jiƙe tun kafin a fara. A yi yanki-yanki, kada ya wuce minti 3 a wuri, a ɗauraye da ruwan bekin soda, sannan da zallar ruwa.

Akwai kuma tayil da ke tashi da kansa, wani lokaci da ƙara kamar an harba bindiga. Dalili shi ne an manne su ba tazara, ko an kai su jikin bango, zafi ya buɗa su suka rasa wurin motsi. A bar milimita 2 zuwa 3 tsakanin tayil da tayil, da kamar milimita 8 a jikin bango inda siketin, wato layin tayil na gindin bango, zai rufe. A riƙa ƙwanƙwasa tayil da mukulli: wanda ya yi amon ganga, ƙarƙashinsa rami ne, kada a ɗora masa ƙafar gado ko firji, kuma a gyara kafin ya fashe. Duk mai sayen tayil ya ƙara katan ɗaya ya ɓoye, domin bayan shekara biyu da wuya a sake samun launin a kasuwa.

Tarazo da mabul

Tsofaffin gidajen gwamnati, makarantu, asibitoci da masallatai da dama a Kaduna tarazo ne a ƙasansu, wasu sun haura shekara 50 suna aiki. Abin takaici ne a ga ana fasa shi ana sa tayil mai araha, alhali wankin inji kawai yake buƙata.

Tarazo tsakuwar mabul ce da aka kwaɓa da siminti aka goge. Mabul da siminti duka asid na narkar da su, har mai rauni irin na lemon tsami, tsamiya, zoɓo da lemon kwalba. Duk abin da muka faɗa a sama game da ruwan khal da lemon tsami bai shafi wannan daɓe ba. Harpic kuwa ɗigo ɗaya na barin farin tabo mai kaushi wanda ba wanki da zai mayar, domin dutsen ne ya ciwu. Wanda bai tabbatar ko dutsen gidansa mabul ne ko giranit ba, ya ɗiga lemon tsami a lungun da ba a gani, ya bari minti 2, ya goge. In wurin ya dushe, mabul ne. Giranit ba ya nuna komai.

Wankinsu ruwa ne da ɗan sabulun ruwa, a bi da busasshen tawul. Ba soson ƙarfe, ba garin goge tukunya, ba toka. Abin da ya zube a tsane shi nan take. Manja ko man gyaɗa da ya shige ciki, janyo shi ake yi, guga ba ta fitar da shi: a kwaɓa bekin soda da ruwa ya yi kaurin kunun gyaɗa mai kauri, a lafta kaurin rabin santimita har ya ɗan wuce bakin tabon, a rufe da leda a manne gefen, a bari awa 24 zuwa 48. A cire ledar, a bar shi ya bushe, a share. Tsohon tabo na iya neman a maimaita sau uku. Ranar ƙunshi kuwa a shimfiɗa buhu ko tsohuwar leda, domin lalle in ya kama mabul ko layin tayil da ƙyar yake saki.

Don a san ko dutsen na buƙatar maganin toshe ƙofofinsa, a zuba cokalin ruwa a bari minti 10. In wurin ya yi duhu bayan an goge, yana shan ruwa, a nemi mai aikin mabul ya shafa maganin. Tarazon da ya dushe gaba ɗaya kuma, masu injin guga na cire fatar sama da dutse mai kaushi, su bi da masu laushi har sheƙi ya dawo. A tabbatar da ruwa suke gugar, kuma sun cike ramukan da suka bayyana kafin guga ta ƙarshe.

Siminti da tsakar gida

Simintin da kullum ake sharewa kullum yana fitar da gari, tun wurin zubi aka cuce shi: ko ruwa ya yi yawa a kwaɓin, ko ba a yi masa ban-ruwa ba. Sabon daɓe na son a riƙa jiƙa shi safe da yamma kwana 7 aƙalla, a hunturu ma a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna don iska na shanye ruwan da wuri, kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Kafin nan kada a yi masa fenti, kada a shimfiɗa leda ko kafet.

Ana share siminti bayan an ɗan yayyafa ruwa, ko a watsa jiƙaƙƙen garin katako a share tare da shi. Nan omo na da wuri: babban cokali 2 a lita 10, buroshi mai tauri, ɗauraya mai kyau. Baƙin mai a wurin janareta ko mota, a rufe shi da toka ko garin katako ya kwana, a share, a zuba omo da ruwan zafi a cuɗa. Kada a wanke da fetur.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ruwa da tururuwa da gara. Tsaga ƙarama a faɗaɗa bakinta da kurfi ta ɗan buɗe, a share garin, a jiƙa, a cike da siminti ma'auni 1 da yashi mai kyau ma'auni 3, a yi ban-ruwa kwana 7. In tsagar na ƙara buɗewa ko gefe ɗaya ya nutsa, matsalar daga cikon ƙasa take, aikin magini ne.

Da damina tsakar gida da gindin rijiya na yin gansakuka mai santsi, ita ke karya mutane a hanyar alwala da asuba. Hypo ma'auni 1 a ruwa ma'auni 10, a zuba da yamma lokacin da ba rana mai zafi, a bari minti 15, a cuɗa, a kora. A kau da kaji da awaki, kada kuma ruwan ya gangara cikin shuka ko rijiya. In ruwa na kwanciya a wuri ɗaya, a gyara gangaren zuwa rariya, kusan santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Intalok kuwa, wato ƙananan bulon da ake jerawa a tsakar gida, yashin da ke tsakaninsa ne ke riƙe shi. Bayan kowace damina a cire ciyawa, a watsa busasshen yashi mai laushi, a share shi cikin layukan har su cika. Farin gishirin da ke fitowa a kan siminti ko intalok busasshen buroshi ke cire shi, ruwa na mayar da shi ciki ne ya sake fitowa.

Leda

Leda ba ta tsoron ruwa ta sama, ta ƙasa take mutuwa. Ruwan guga na bi ta gefe da wurin haɗi ya shige, ba shi da hanyar fita, sai wari da baƙin tabo. Ruwa ba ya tsami banza: ɗakin leda in ya soma wari, a ɗaga kusurwa a duba. Da matsattsen tsumma ake goge ta, ba a kwarara mata ruwa.

Kafin a shimfiɗa sabuwa a gwada ƙasan. A yanko farar leda kamar santimita 45 kowane gefe, a manne ta a kan simintin da salatif ta ko'ina, a bari kwana ɗaya. In an ga raɓa a cikinta ko simintin ya yi duhu, danshi na tasowa, kuma duk abin da aka shimfiɗa zai lalace. A share ƙasa sarai, domin tsakuwa ɗaya a ƙarƙashi na iya huda ledar. Da damina a riƙa naɗe gefenta sau ɗaya a wata ana barin ƙasa ta sha iska, a duba ko gara ta yi hanya. Tukunya mai zafi, dutsen guga da kaskon turare kada su sauka a kanta. Ƙafafun gado da kujera a sa musu ɗan guntun kafet, kuma a ɗaga kaya, kada a ja.

Kafet da darduma

Kafet na ɓoye datti, shi ya sa ake ganin yana da tsabta. Yashin da ya nutse a gindinsa na yanke zaren sannu a hankali, nan ne hanyar da aka fi bi ke yin sanƙo. Mai injin zuƙar ƙura ya bi sau 2 a mako, a hunturu sau 3, a hankali, gaba da baya. Wanda ba shi da inji ko wuta ba ta samuwa, ya yi da buroshi mai tauri yana bin kwanciyar zaren. Darduma da ƙananan kafet a fitar da su duk mako a rataya a bubbuga ta baya.

Tabo tun yana ɗanye ake kama shi, kuma dannawa ake yi, ba cuɗawa ba. A ɗora farin tsumma a danna, a juya wuri mai tsabta a sake dannawa, daga bakin tabon zuwa tsakiya. Ruwan wankin shi ne rabin ƙaramin cokali na sabulun ruwa a kofi 1 na ruwa, a fara gwada shi a lungu ko launi zai zuba. Shayi, zoɓo da lemo wannan ya ishe su, a bi da zallar ruwa. Jini, madara da ƙwai ruwan sanyi kawai, ruwan zafi dafa su yake yi su kafe. Miyar manja a kwashe ta da cokali, a barbaɗa garin sitaci ko hodar jiki a bari minti 30 ta tsotse man, a share, sannan a sa ruwan sabulu. Cingam a ɗora masa ƙanƙara a cikin leda har ya sandare, a ɓamɓare. Kakin kyandir a ɗora takarda marar rubutu a bi da dutsen guga mai ɗumi kaɗan. Hypo kada ya kusanci kafet, launin yake cirewa har abada.

Fitsarin yara shi ya fi damun iyaye mata. A tsane shi da tawul ana takawa da ƙafa har tawul ya daina jiƙewa. A zuba ruwan khal da ruwa daidai wa daida, a bari minti 10, a tsane. A wurin da ake salla a bi da zallar ruwa ana zubawa ana tsanewa, domin ruwan da ba a gauraya da komai ba shi ke gusar da najasa. Idan ya kusa bushewa a barbaɗa bekin soda ya kwana, a share da safe. Turare da feshin ƙamshi rufe zarnin kawai suke yi, da danshi ya sauko ya dawo.

Ƙunar garwashin turaren wuta, in ƙarama ce a aske baƙin da almakashi. In rami ne, a yanke wurin murabba'i, a yanko irinsa daga ƙarƙashin kujera inda ba a gani, a daidaita kwanciyar zaren, a manne da gam. Kasko a riƙa ɗora shi a kan faranti na ƙarfe mai faɗi.

Babban wanki a rani ake yin sa. Kafet ɗin da ya wuce kwana 2 bai bushe ba, zai yi fumfuna, don haka Yuli da Agusta ba lokacin wanki ba ne, ko da salla ta faɗo a ciki. Wanda zai kai wurin masu wankin mota ya ce a rage omo a yawaita ɗauraya, kuma ya taɓa bayan kafet ɗin kafin a naɗe, domin sama na bushewa ƙasa na jiƙe. A shanya shi a kife don rana kada ta ci launin. Kafet na bango-da-bango da ambaliya ta shiga, gaskiya ita ce ba ya gyaruwa in ruwan kwata ya jiƙa shi, a cire shi, a wanke ƙasan da Hypo, a bari ta bushe.

Katako da daɓen gargajiya

Daɓen katako da kwaikwayonsa da ake jerawa a sababbin gidaje na kumbura da damina, ya tsuke da hunturu. Shi ya sa ake barin milimita 8 zuwa 10 a jikin bango. Mofa mai ɗiga ba ta hau kansa, feshin ruwa kaɗan da busasshen tsumma ne nasa, abin da ya zube kuma a goge cikin mintuna. Bakin da ya riga ya kumbura ba ya komawa, sai a canza allon. A riƙa duba gindin bango ko gara ta ja layin ƙasa.

A ƙauyukan da ke kewaye da gari, har da wasu zaurukan cikin gari, akwai sauran daɓen gargajiya na tsakuwa da jar ƙasa da mata ke bugawa da madaɓi. Shi ba a wanke shi. Yayyafi kaɗan da tsintsiyar laushi ne, tsintsiyar kwakwa na tone shi. Inda ya fara rami a jiƙa wurin, a cike da irin ƙasarsa, a daɓe, a yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, a bar shi kwana 2 ko 3 kafin a mayar da tabarma.